Watanni A Gado Ɗaya: Jinya, Dubiya Da Raha A Ɗakin Masu Karaya

Aikin gyara ƙashin cinya a ɗakin tiyata bai cika wuce awa biyu zuwa uku ba. Likita ya buɗe, ya daidaita ƙashin, ya zura masa ƙarfe ta cikin ɓargo, ya ɗaure da kusoshi, ya ɗinke. Haɗewar ƙashin kuwa takan ci wata uku, wani lokaci shida. Idan ƙashin ya farfashe ne, ko ciwon ya yi ruwa, shekara tana iya zagayowa mutum bai taka ƙasa da ƙafarsa yadda ya saba ba. Jarida takan kawo labarin hatsarin, ta faɗi mutum nawa suka rasu, nawa suka jikkata, ta ce an garzaya da su asibiti. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu.

Kuma ba kaɗan ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗuran hanya, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma su tsira da rauni, da yawansu da nakasar da za ta bi su har ƙarshen rayuwa. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'arta. A arewacin Najeriya, da yawa daga masu mummunar karaya sukan ƙare ne a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1959, ɗaya daga cikin daɗaɗɗun asibitocin ƙashi uku na tarayya, tare da na Igbobi a Legas da na Inugu. Wasu kuma suna manyan asibitocin koyarwa na Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos. Abin da ke kawo su sananne ne: babur, Adaidaita Sahu, motar haya da ta ƙwace a babbar hanya, faɗowa daga gini ko daga bishiya, sai kuma harbin bindiga da ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni tun 2013, amma a ƙauyuka har gobe babur ne motar kowa, shi ke kai amarya, shi ke kai buhu kasuwa.

Kwanakin farko zafin ciwo ne ke mulki. Bayan ya ɗan lafa sai wani abu ya taso wanda marasa lafiya da yawa ke cewa ya fi ciwon nauyi, wato kunya. Magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda jiya shi ke ba da umarni a gidansa, yau ba ya iya kewayawa sai an kawo masa tasa an ja labule. Ba ya iya juyawa sai an juya shi. Wanda aka sa wa ja ya fi kowa sanin wannan. Akan huda ƙashin ƙwauri a ratsa siririn ƙarfe, a ɗaura igiya, a bi da ita ta kan ƙarshen gado, a rataya mata nauyi yana lilo, domin ya riƙa jan ƙafar kada ƙasusuwan su hau juna. A haka mutum zai yi mako shida ko fiye, rigingine, yana kallon silin. Idan mai shara ya bugi nauyin da tsintsiya, har tsakar kansa zai ji.

Tun 1939 wani likitan Jamus, Gerhard Küntscher, ya fara zura ƙarfe a cikin ƙashin cinya a birnin Kiel, dabarar da ta sa mai karaya ke iya tashi zaune cikin 'yan kwanaki maimakon watanni. Dalilin da ya sa har yau ake samun masu dogon kwanciya da igiya a asibitocinmu sau da yawa kuɗi ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Ƙarfen, hoton ƙashi, ledar jini, allurai, kayan wankin ciwo, duk sai an biya. Saboda haka maras lafiya yana kwance, 'yan uwa suna can suna sayar da akuya, ana jinginar da gona, ana karɓar adashi tun kafin zagayensa ya zo.

A nan mai jinya yake shigowa, kuma duk wanda ya san asibitocin gwamnati ya san cewa ba don shi ba da aikin ya tsaya. Ma'aikatan jinya ba su da yawan da za su wadatar, nas ɗaya takan kwana da ɗaki guda. Don haka ƙane, ko ɗa, ko mata, ko uwa, shi ne mai sayo magani, mai bin layin biyan kuɗi, mai neman wanda zai ba da jini, mai goge jiki da tsumma da ruwan ɗumi, mai zubar da tasa, mai fifita idan an ɗauke wuta. Idan raunin a laka yake, wajibi ne a riƙa juya maras lafiya duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar ɗuwawu da ta diddige ta mutu, gyambon kwanciya ya buɗe, kuma gyambon nan yana iya kashe wanda hatsarin bai kashe ba. Makwancin mai jinya tabarma ce a gefen gado ko a baranda, da sauro, da sanyin hunturu. Ɗalibi ya bar karatu, ɗan kasuwa ya rufe shago, mai shayarwa ta zo da goyonta.

Jikinsa ma yana biyan kuɗin wannan hidima. A 1995 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, ƙarƙashin Janice Kiecolt-Glaser, sun yi wa wasu mata ɗan ƙaramin rauni a hannu da yardarsu, suka zuba ido su ga kwana nawa zai yi ya warke. Matan da ke jinyar 'yan uwansu masu ciwon mantuwa sai da raunin ya ƙara musu kusan kwana tara a kan na sauran matan. Damuwa da rashin barci suna rage wa jiki ƙarfin gyara kansa. Amma cikin masu zuwa dubiya, ɗaiɗaiku ne ke juyawa su tambayi mai jinya ko ya ci abinci, balle su ce ya je gida ya kwana, yau su za su tsaya. Wannan tayin ya fi kwandon lemo amfani nesa ba kusa ba.

Dubiya kanta al'ada ce da Bahaushe bai yi wasa da ita ba, addini kuma ya sa ta cikin haƙƙoƙin da Musulmi yake da su a kan ɗan uwansa. Makon farko sai an yi da gaske kafin a sami wurin tsayawa a bakin gado. 'Yan uwa, makwabta, abokan sana'a, mutanen masallaci, kowa da ledarsa: ayaba, kankana, lemon zaƙi, farfesun kayan ciki a kula, kunun gyaɗa a fulas.

"Sannu, Malam. Ya jiki?"

"Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Allah ya kiyaye gaba."

Ko da mutum yana cije leɓe, da sauƙi zai ce. Mai tafiya kuma yakan dunƙule 'yan kuɗi ya tura ƙarƙashin matashi ba tare da kowa ya gani ba. Duk wannan abin a yaba ne. Matsalar ita ce ƙafa takan ɗauke da wuri. Mako na uku sai uwa da mata da amini ɗaya. Wata na biyu har waya ta rage ƙara. Alhali lokacin ne kuɗi suka ƙare, lokacin ne gajiya ta kama mai jinya, lokacin ne maras lafiya ya fara lissafin abin da zai zama idan ƙafar ba ta koma daidai ba. Da dangi za su raba dubiyar nan, wasu su zo yau, wasu su ajiye tasu sai bayan wata guda, da ta fi yin aiki.

Akwai kuma mai dubiyar da gara bai zo ba. Shi ne wanda zai zauna ya ba da labarin wani ɗan garinsu da ya yi irin wannan karayar aka yanke masa ƙafa. Shi ne kuma mai raɗa wa dangi cewa asibiti ɓata lokaci ne, a sa hannu a takarda a fita da shi, akwai wani mai ɗori da ke tayar da mutum a kwana arba'in. Ɗori sana'a ce ta gado, masu ita suna da daraja a garuruwansu, kuma mutane suna zuwa wurinsu ne saboda kusa suke, kuɗinsu da sauƙi, suna kuma magana da harshen da ake fahimta. Sai dai likitocin ƙashi a faɗin Najeriya sun daɗe suna kokawa kan abu ɗaya: ɗaurin karare da ya matse fiye da kima yakan toshe jini, gaɓar ta kumbura a ciki, naman ya mutu. Yaro ya karye a hannu, karayar da filasta za ta gyara cikin 'yan makonni, a dawo da shi hannun ya yi baƙi, ba abin da ya rage sai yankewa. Yatsu su yi sanyi, su daina ji, launinsu ya sauya, zafi ya wuce misali: duk wanda ya ga haka, ko a ɗori ko a filastar asibiti, a kwance ɗaurin a nemi likita a wannan sa'ar.

To idan masu dubiya sun watse, su wa suka rage? Makwabtan gado. A ɗakin masu karaya mutane sukan daɗe tare fiye da kowane ɗaki na asibiti, kuma yawancinsu ba ciwon ciki ko zazzaɓi ke damunsu ba. Kansu garau, bakinsu garau, ƙafa ce kawai ta ƙi. Ka tara matasa ashirin masu irin wannan hali a ɗaki ɗaya, dole gari ya kafu. A asibitoci da dama za ka tarar wanda ya fi kowa daɗewa an naɗa shi Ciyaman. Shi ke yi wa sabon zuwa bayanin lokacin zagayen likitoci, da inda magani ya fi araha, da yadda ake kwanciya kada igiya ta karkace. Suna kuwa ba a barin mutum da wanda aka raɗa masa. Wanda ya faɗo daga bishiya ya zama Na-Mangwaro. Wanda aka kafa wa ƙarafa a waje suna tsattsaye a ƙwauri ya zama Mai-Eriya, kullum ana tambayarsa ko yau tashar BBC tana kamawa. Ana musun ƙwallo daga wannan bango zuwa wancan, ana buga ludo a kan tire, waya ɗaya tana zagaya gadaje huɗu ana kallon tsofaffin finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro. Wanda matarsa ta kawo tuwo ya san ba shi kaɗai zai ci ba, kuma wanda ba shi da kowa a garin, kamar direban da ya yi hatsari nesa da gida, a kwanon makwabta yake rayuwa har danginsa su iso.

Ɗakin mata ma haka yake, da nasa salon. Mai jinyar wannan ta yi wa waccan kitso, a ƙunsa wa wadda hannunta ke da lafiya lalle, a riƙe wa juna jarirai. Hirarsu takan fi komawa kan yaran da aka baro a gida, wa ke yi musu wanka, wa ke kai su makaranta, kuma a cikin hirar ne wadda ta kwana tana kuka takan samu wadda ta riga ta shiga wannan halin.

Bahaushe ya zo asibiti da wani abin da ya gada wanda ya dace da wannan wuri ƙwarai, wato wasan da ke tsakanin abokan wasa. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, taubashi da taubashi, jika da kaka. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki al'adar da muhimmancin da har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2014. Idan Allah ya haɗa Bafulatani da Babarbare a gadaje biyu na jere, ɗakin ya huta da neman abin dariya: kowanne yana da'awar ɗayan bawansa ne, kowanne yana cewa don ya yi wa ubangidansa rakiya ne ya karye.

Kalli abin da ke faruwa idan kaka ta zo duba jikanta. Kowa ya shigo da sanyin murya, ita kuwa tun daga ƙofa take ɗaga tata.

"Kai, maigida, haka za ka yi mini? Ko kuɗin cefane ba ka bari ba ka zo nan ka miƙe ƙafa ana ba ka shayi? To ni na fasa auren, ƙaninka zan koma wa."

"Ke da ko haƙori babu, wa zai kwashe ki in ba ni ba?"

Ɗaki ya ɗauka. Saurayin da ya yi kwana uku bai ce uffan ba ga shi yana neman amsar da ta fi tata. Tsohuwar tana iya fita baranda ta share hawaye da bakin mayafi, amma ta riga ta yi aikin da ta zo yi. Tun ranar hatsarin kowa yake lallaɓa shi, kowa yake kallonsa da tausayi, har ya fara ganin kansa a matsayin abin tausayi. Ita ce ta farko da ta yi masa magana yadda take yi masa kafin ya karye, ta nuna masa cewa a wurinta shi ne dai wanda ta sani. A ganina wannan ne babban amfanin raha a bakin gadon maras lafiya, ya fi duk wani bayani na sinadaran jiki.

Bayanin sinadaran ma akwai shi. Norman Cousins, wani editan mujalla a Amurka, ya kamu da mummunan ciwon gaɓoɓi da ƙashin baya a 1964, ya riƙa kallon finafinan barkwanci da gangan, daga baya ya ba da labari cewa dariyar gaske ta minti goma takan ba shi barcin awa biyu ba tare da zafi ba. Labarin mutum ɗaya ne, ba hujjar kimiyya ba, amma ya ja hankalin masu bincike. A 2011 Robin Dunbar na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka wallafa gwaje-gwajen da suka nuna cewa mutanen da suka yi dariya sosai, musamman a cikin jama'a, sun fi jure zafi bayanta da kusan kashi 10 cikin 100. Sun danganta hakan da sinadarin endofin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki don rage raɗaɗi. Murmushin ladabi bai yi wannan aikin ba, sai dariyar da ke girgiza ciki.

Duk da haka dariya ba ta haɗa ƙashi, ba ta kuma maye gurbin allurar rage zafi. Mutanenmu suna da dauriya, namiji yana jin nauyin a ji yana nishi, sai ya ɓoye ciwo har ya hana shi barci da motsi. Wannan kuskure ne, domin wanda zafi ya hana motsi shi ne jini ke daskare wa a jijiyar ƙafa, shi ne majina ke taruwa wa a huhu. Mai karayar haƙarƙari, wanda dariya da tari duk azaba ne a gare shi, akan koya masa ya rungume matashi a ƙirji ya ja dogon numfashi duk da zafin, don kada ciwon huhu ya same shi.

Raha kuma tana da iyaka, 'yan ɗakin sun fi kowa saninta. Ba a tsokanar wanda aka yanke wa ƙafa jiya. Ba a yi wa wanda ya rasa matarsa a motar da ya tsira wasa. Sai shi da kansa ya fara, sannan a bi shi. Ƙarfe biyun dare, bayan an kashe fitila, wanda ya fi kowa ban dariya da rana yana iya zama shi ne ke zubar da hawaye a ɓoye. Wasu sukan yi ta mafarkin hatsarin, su firgita da ƙarar hon, su daina cin abinci, su juya fuska bango. Wanda aka yanke wa gaɓa yakan ji zafi ko ƙaiƙayi a yatsun da babu su, ya ji tsoron faɗa kada a ce ya taɓu, alhali abu ne da likitoci suka sani sarai, yawancin waɗanda aka yi wa yanka suna jin sa. Irin wannan ba a magance shi da "ka yi haƙuri" kaɗai. Ciwon damuwa bayan mummunan rauni ciwo ne mai magani, kuma ya kamata mai jinya ya gaya wa likita da zarar ya ga alamunsa, kamar yadda zai gaya masa idan ciwo ya fara wari.

Ibada tana riƙe mutane da yawa a wannan tsakanin. Wanda ba ya iya taɓa ruwa ya yi taimama, wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ba ya iya zama ya yi a kwance, sauƙin da shari'a ta bayar tun asali. Salloli biyar suna yanka wa mai kwanciya yininsa gida-gida, ya san inda yake a cikin rana. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini sukan taimaka da tura keke da neman dangin wanda aka kawo ba a san shi ba. Ranar Lahadi masu zuwa daga coci su yi wa nasu addu'a, su gaisa da kowa, lemon da suka kawo kuma ya zagaya ɗakin.

Daga nan sai gashin ƙashi, matakin da marasa lafiya suka fi tsoro kuma suka fi buƙata. Naman cinyar da ya yi makonni bai yi aiki ba yakan zube, gwiwa ta sandare. Ranar farko da aka tayar da mutum tsaye jiri ne ke ɗibarsa, gumi ya karyo, taku uku tsakanin ƙarafan dafawa ya zame masa tafiyar yini. Amma ƙashi yana ƙara ƙarfi ne idan ana ɗora masa nauyi daidai gwargwado, shi ya sa ma'aikacin gashi ba ya jin roƙo. Wanda ya kafa wannan tunani a jinyar masu raunin laka shi ne Ludwig Guttmann, likita Bayahude da ya tsere daga Jamus ta Hitler, aka ba shi sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944. A zamanin, yawancin masu irin wannan rauni ba sa daɗewa, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ke kashe su. Guttmann ya tilasta juya su dare da rana, ya tayar da su zaune, ya sa su sana'ar hannu da wasanni. Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, ya shirya wa mutum 16 masu keken guragu gasar harbin kibiya a harabar asibitin. Daga wannan ne gasar nakasassu ta duniya ta samo asali, aka yi ta farko a Rum a 1960.

A ɗakin masu karaya, ranar da wani ya fara zagaya gadaje da sanduna biyu, tafi ake yi masa, Ciyaman ya ce tunda ya samu ƙafa, daga yau shi ne ɗan aiken ɗaki.

Sallama ba ita ce ƙarshen jinya ba. Gida akwai dokin ƙofa mai tsawo, akwai masai na tsuguno da mai ƙarfe a cinya ba zai iya amfani da shi ba sai an sama masa kujera mai huda. Babu Ciyaman, babu musun ƙwallo, kowa ya fita nema ya bar shi da rediyo. Sashen gashin ƙashi yana birni, kuɗin mota zuwa can sau biyu a mako ya fi ƙarfin mai acaɓar da babur ɗinsa ya riga ya zama tarkace, don haka da yawa sukan daina zuwa, gwiwa ta ƙage a inda aka bar ta. Ga abinci mai gina jiki da ƙashi ke nema, wake, ƙwai, kifi, nono, ga sigari da dole a bari domin tana jinkirta haɗewar ƙashi. Takardar sallama tana ɗauke da ranar komawa a sake hoto, wasu kuma akwai wata tiyatar a gaba, ta cire ƙarfe, bayan shekara ɗaya ko biyu, ita ma da nata kuɗin da nata mai jinyar.